A Daina Kiran Damfara Hikima

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatanka, ina roƙon ka sam mini ɗan fili in yi magana a kan wata kalma da na ga ana ta ja a ƙasa a bakin 'yan jarida da masu gabatar da shirye-shirye a rediyo, har da wasu masu hawa mumbari. Kalmar ita ce hikima.

Yanzu in 'yan damfara suka ƙirƙiro hanyar kiran mutum a waya, su ce daga banki suke, su karɓe lambar sirrinsa su yashe asusunsa, sai ka ji mai karanta labarai ya ce sun ɓullo da wata sabuwar hikima. In ɗan siyasa ya saye wakilai da daddare ya kayar da abokin takararsa, sai a ce ya nuna hikimar siyasa. Yaro ya rubuta amsa a cinya ya shiga ɗakin jarrabawa, abokansa su ce kai, wane akwai hikima. Ni tsohon malami ne, na koyar da Larabci da Hausa a makarantun sakandare har na yi ritaya, kuma duk lokacin da na ji haka sai in ji abin ya tsaya mini a rai. Mutanen nan suna da wayo, ba na musu. Suna da dabara. Amma abin da suke yi kishiyar hikima ne tun daga tushen kalmar, kuma tushen nan nake so in baje wa masu karatu.

Hikima aro ce daga Larabci. Balarabe yana cewa hikma, Bahaushe kuwa bai cika son baƙi biyu su haɗu a tsakiyar kalma babu wasali ba, sai ya saƙala mata guda. Haka ya yi wa fitna ta koma fitina, ni'ma ta koma ni'ima, rahma ta koma rahama, ilm ya koma ilimi. Masana harshe, cikinsu har da Joseph Greenberg wanda ya yi rubutu a kan kalmomin Larabci a Hausa a 1947, sun lura cewa aron nan kashi biyu ne. Akwai tsofaffi da suka shigo ta bakin fatake da maƙwabta, yawancinsu ɗauke da "al" ɗinsu a ka, kamar alkama da albasa da allura da alƙalami. Akwai kuma waɗanda suka shigo ta hannun malamai, daga allo da littafi, ba su sauya kama sosai ba. Siffar hikima ta fi kama da ta 'yan kashi na biyu. Wannan ba abin mamaki ba ne ga ƙasar da Wangarawa, malamai da fatake daga Mali, suka iso Kano tun zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14, Shehu Magili kuma ya zauna a cikinta zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Ɗaruruwan shekaru ke nan ana fassara wa almajirai wannan kalma a zaure.

To, a Larabci kowace kalma tana da saiwa, galibi baƙaƙe uku. Saiwar hikima ita ce ha da kaf da mim. Wani babban malamin luga, Ibn Faris, wanda ya rasu a shekara ta 395 bayan Hijira, ya rubuta ƙamus mai suna Maƙayisul Luga inda yake bin kowace saiwa ya gano ma'anar da ta haɗa rassanta. Da ya zo kan wannan sai ya ce asalinta guda ne, shi ne hani. Hukunci an kira shi haka ne don yana hana zalunci. Hikima kuma don tana hana jahilci da wauta. Sannan ya kawo abin da ya fi kama mini hankali tun ina ɗalibi: Larabawa suna kiran ɓangaren linzami da ke riƙe haɓar doki da suna hakama, saboda shi ke hana dabbar tafiya inda ta ga dama. Ita kanta kalmar linzami ai daga al-lijam muka samo ta.

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon jafi ranar hawan Sallah ya san abin da ake nufi. Mahaya su taso a guje daga nesa, ƙura ta turnuƙe, kofato na dukan ƙasa har kana jin sa a ƙirjinka, mata da yara na ja da baya. Sai sun zo dab da gaban Sarki, kowa ya ja linzami lokaci guda, dawaki su turje, ƙafafun gaba su ɗaga, a jinjina. Sukuwa kowane yaron barga zai iya, in dai ya sami doki mai ƙarfi da ƙaimi. Inda ake gane mahayi shi ne wurin tsayawar. Ilimi da wayo da kaifin ƙwaƙwalwa su ne ƙarfin dokin, hikima ita ce hannun da ke kan linzami. Ɗan damfara yana da doki, har ma ingarma, amma ya sake shi cikin gonar mutane. Ta ina za a kira shi da sunan abin da ya rasa?

Kuma ba wannan kalma kaɗai ba ce. Hankali ma daga Larabci yake, daga aƙl, su Barebari suna cewa hangal, mutanen Gabashin Afirka suna cewa akili. Saiwarsa tana nufin ɗaurewa. Igiyar da ake dabaibaye raƙumi da ita sunanta iƙal, kuma da wannan saiwa ce Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya amsa wa mutumin da ya tambaye shi ko ya ɗaure taguwarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, ya ce masa ɗaure ta sannan ka dogara. Alƙur'ani ya kira masu hankali ulin nuha a cikin Suratu Ɗaha, daga saiwar da ke nufin hanawa. A Suratul Fajri ya kira mai hankali zi hijr, daga saiwar da ke nufin kangewa. Kalmomi huɗu, duk suna nuna wuri guda. Mutanen da suka ba mu kalmar nan, a wurinsu alamar mai tunani ita ce ya iya riƙe kansa.

'Yan'uwan hikima a Hausa suna da yawa, muna furta su kullum ba mu lura da zumuncin ba. Hukunci ɗan'uwanta ne, haka hukuma, haka mahukunta. Hakimi ma daga can yake, daga kalmar da ke nufin mai yanke hukunci, ko da yake a wurinmu ta tsaya a kan basaraken da ke riƙe da gunduma tsakanin Sarki da dagatai. Sunan Abdulhakim yana ɗauke da ita, don Al-Hakimu yana cikin kyawawan sunayen Allah. A ƙasar Turkiyya da Iran da Pakistan, hakim ko hekim likita ne, saboda a da wanda ya san magani shi ne wanda ya san falsafa da lissafi. Gidan fassara da nazari na Bagadaza, wanda ya bunƙasa zamanin Halifa Ma'amun tsakanin 813 da 833, Baitul Hikma ake ce masa. Ibrananci, harshen Yahudawa, ma yana da hokma daga wannan tsohuwar saiwa, shi ya sa 'yan'uwanmu Kirista masu karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa suke samun hikima a labarin Sulemanu da littafin Karin Magana. Ashe kalmar ta kowa ce a ƙasar nan. Wata da ba ta cikin dangin ita ce hikaya. Ɗalibaina sukan haɗa su saboda kamar sauti, amma saiwarta daban, ta ba da labari ce.

Malamanmu na zaure in suka zo fassara ta sukan ce hikima ita ce ajiye abu a muhallinsa. Magana a lokacinta, ga wanda ya dace, gwargwadon da ya dace. Ina so in ba da misali da abin da na gani da idona, don ma'anar nan ta fi fitowa a aikace.

Ina saurayi, a unguwarmu a cikin birnin Zariya, wani dattijo mai hali ya sake ginin soronsa, magini ya kafa indararo yana zubar da ruwa kai tsaye a jikin katangar maƙwabcinsa, wani matashin tela. Katangar ta ƙasa ce. Damina ta kankama, gindinta ya fara zaizayewa. Telan ya aika sau da yawa ba a kula shi ba. Ran nan bayan sallar la'asar ya tare dattijon a ƙofar masallaci, ya ɗaga murya, ya faɗa masa maganganu a gaban jama'a. Dattijo ya fusata ya rantse indararo ba ya motsawa, in ya isa ya kai shi gaban alƙali. Kowa ya juya yana duban Mai Unguwa, don yana zaune a kan buzunsa, kuma babu wanda bai san telan ne mai gaskiya ba. Mai Unguwa ya ja carbinsa ya ce, "Allah ya kai mu gobe." Ya tashi ya shige gida. Mu samari muka yi ta gunaguni, muna cewa ya ji tsoron mai kuɗi.

Da daddare aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da hantsi Mai Unguwa ya ce in ɗauko masa sandarsa in bi shi, don ni abokin ɗansa ne, gidansa nake wuni. Muka je gidan dattijon, suka gaisa, suka yi barka da ruwa, suka taɓa hirar gona da farashin taki. Ko kalma ɗaya bai ce ba game da rigimar jiya. Da zai tafi ya ce, "Alhaji, taka mini mana, mu bi ta lungun nan, ya fi kusa." Muka shiga lungu. Daidai ƙarƙashin indararon ya tsaya, ya dafa kafaɗata, ya cire takalminsa yana kakkaɓe laka a hankali. Katangar telan na gabanmu, ruwa ya ci gindinta har ana hango jar ƙasar ciki, wani ɓangare ya rufta ya tare hanya, ga tabarmar yara an shanya a kan abin da ya saura. Dattijo ya tsaya yana kallo. Mai Unguwa ya mayar da takalminsa ya ce, "To Alhaji, na gode, koma haka nan." Kafin azahar magini yana kan soro yana juya indararo zuwa titi, washegari kuma aka kawo ƙasa da lebura a kan kuɗin dattijon.

Bai tsaya nan ba. Bayan lisha ya aika aka kira telan, ya shigar da shi zaure su biyu, ya wanke shi tas a kan ɗaga wa sa'an mahaifinsa murya a bainar jama'a, ya ce da safe ya je ya durƙusa ya ba da haƙuri. Ya je. Daga baya na tambaye shi, na ce, "Baba, me ya hana ka faɗa wa Alhaji gaskiya tun a ƙofar masallaci, alhali kowa ya san shi ne da laifi?" Ya ce, "Ɗana, mutumin da ya rantse a gaban jama'a, in ka ƙara masa kunya sai ya kafe. Ko alƙali ya sa an cire indararon, 'ya'yansu ba za su sake gaisawa ba. Ni kuwa unguwa aka ba ni riƙo."

A nan ne nake raba basira da hikima, don su ma ana yawan cakuɗa su. Basira daga saiwar gani take. Balarabe yana kiran ganin ido basar, ganin zuci kuma basira. Alƙur'ani ya ce a Suratul Hajji ba idanu ke makancewa ba, zukatan da ke cikin ƙiraza su ke makancewa, Bahaushe kuma ya ce hankali ke gani, ido gululu ne. Mu duka da muke ƙofar masallaci mun ga wanda ke da gaskiya, wannan ba ya bukatar wani zurfin tunani. Mai Unguwa ya hango abin da mu ba mu hango ba, wato yadda girman kan dattijo zai yi in aka matsa masa, da abin da zai biyo baya shekaru masu zuwa. Wannan ita ce basira. Riƙe bakinsa da ya yi a lokacin da magana ke kan harshensa, da zaɓen lungu da safiyar da ruwa ya kwana yana zuba, da raba wa kowa nasa kason na gyara a wurin da zai iya haɗiye shi, wannan ita ce hikima. Mutum yana iya samun ta farkon ya rasa ta biyun. Na koyar da yara masu basira kamar me, suna kama darasi tun kafin in rufe baki, amma bakinsu ya hana su zama lafiya da kowa.

Akwai wata ɓarnar kuma ta ɗaya gefen, wadda ita ma take damuna. Wasu sun mayar da "a bi da hikima" mafakar tsoro. Shugaba ya ci amanar jama'a, a ce wa mai son magana ya yi shiru, wai hikima ke nan. An zalunci marainiya a rabon gado, dangi su ce a bar maganar, a bi a hankali, har shekaru su wuce. Mai Unguwarmu bai bar maganar ba. Kafin azahar ta washegari an juya indararo. Wanda aka ba hikima a Alƙur'ani, aka sa wa sura guda sunansa, Luƙmanu ne, kuma cikin wasiyyarsa ga ɗansa akwai ka yi umarni da kyakkyawa, ka yi hani ga mummuna, ka yi haƙuri da abin da zai same ka. A cikinta kuma akwai ka tsakaita tafiyarka, ka sassauta muryarka. Duka biyun tare suke. Aya ta 125 a Suratun Nahli ta ce a yi kira zuwa ga hanyar Ubangiji da hikima da kyakkyawan wa'azi. Kiran dole ne, hikima ita ce yadda za a yi shi. Mai zagin mutane a lasifika ya saɓa wa ayar, wanda ya yi gum don kada ya ɓata da manya shi ma ya saɓa mata.

Na san abin da wasu abokaina malaman Hausa za su ce, don mun sha yin wannan muhawara a ɗakin malamai. Za su ce harshe na masu magana da shi ne, kalma in ta shigo Hausa ta zama ta Hausa, ba a ɗaure ta da ma'anarta ta Larabci. Za su kawo misali da fasaha, wadda a Larabci iya magana ce zalla, amma yau muna cewa kimiyya da fasaha muna nufin ƙere-ƙere. Gaskiya ne, kuma hikima ma Bahaushe ya faɗaɗa ta. Muna cewa hikimar maƙera, hikimar masaƙa, hikimar mawaƙa. Ban ƙi wannan ba ko kaɗan, don yana da gindi: daga wannan saiwa Balarabe ke cewa ahkama, wato ya kyautata aiki ya ƙulle shi tam babu ɓaraka. Wanda ya taɓa shiga tsohon Masallacin Juma'a na Zariya kafin wani ɓangarensa ya rufta a 2023, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, ya ɗaga kai ya ga yadda aka tanƙwara azara da ƙasa suka zama bakan gizo suna ɗauke da rufi, in ya ce wannan hikima ce bai yi kuskure ba. Kowace azara tana muhallinta. Faɗaɗawar da ta bi jinin kalma daban take da juya kalma ta koma kishiyar kanta.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ba rashin kalmomi ya kai mu ga haka ba. Hausa ta wadata a wannan fage fiye da yadda ake zato. Muna da wayo, kuma kakanninmu sun san matsayinsa, shi ya sa suka ce wayon a ci, an kori kare daga gindin ɗinya. Muna da dabara, wadda ke iya zama ta alheri ko ta sharri, ta rage wa mai shiga rijiya. Muna da makirci da kutungwila da kisisina da yaudara da zamba cikin aminci da rufa-ido. Duk tatsuniyoyin da aka yi mana muna yara, Gizo mai wayo ne, dila malamin daji ne, amma ban taɓa jin wata tsohuwa ta ce Gizo mai hikima ba ne. Sun san inda suka ajiye kowace kalma. Yaron da ya tashi yana jin ana yaba wa ɓarawon waya da kalmar da aka yaba wa Luƙmanu da ita, ranar da malaminsa zai karanta masa aya ta 269 a Suratul Baƙara, cewa wanda aka ba hikima an ba shi alheri mai yawa, me zai fahimta? A aji na gane girman abin, ranar da na ce ɗalibai su kawo misalin mai hikima, wani yaro ya ɗaga hannu da zuciya ɗaya ya kawo labarin wani da ya sayar da fili guda ga mutum uku.

Jarida da rediyo su ne makarantar da ta fi kowace yawan ɗalibai a ƙasar Hausa. Abin da kuka rubuta yau shi za a ji gobe a tasha da majalisar masu shayi. Don haka roƙona gare ka, ranka ya daɗe, da masu tace labarai a teburinka, shi ne in labarin 'yan damfara ya zo a rubuta sabon salon damfara ko sabuwar dabara. In na sayen ƙuri'a ne a kira shi maguɗi ko makirci. In na satar jarrabawa ne, satar amsa sunanta. Ina kuma roƙon ku buɗe ɗan gurbi, ko sau ɗaya a wata, inda malaman sassan Hausa na jami'o'inmu na Kano da Zariya da Sakkwato da Yamai za su riƙa ɗaukar kalma guda suna bayyana asalinta da yadda ake amfani da ita. In an buɗe, ina da 'yan rubuce-rubuce a kan hazaƙa da fahimta da dabara da zan aiko.

Na gode da wannan dama. Allah ya ƙara wa jaridarku albarka.

Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin makaranta,
Zariya.